Yadda mai jin Hausa da Faransanci zai mallaki aikatau masu "zich" da lokutansu a Holanci

Masu neman Holanci, harshen Holan da arewacin Beljiyam, a wannan yanki namu na arewacin Kamaru da Cadi ba su da yawa, amma kowannensu yana da dalili mai ƙarfi. Akwai 'yan kasuwar Garwa da Marwa da ke sayen tsofaffin motoci a unguwar Heyvaert ta birnin Burusel, a loda musu a tashar jiragen ruwa ta Antwap, su tarbe su a Duwala. Akwai ɗaliban Ngaundere da Njamena masu burin ƙaro karatu a Luven ko Gent. Akwai kuma matan da mazajensu ke zaune a Holan, waɗanda tun shekarar 2006 doka ta wajabta musu cin jarrabawar harshe a ofishin jakadanci kafin a ba su izinin zuwa su zauna, jarrabawar da a yau take a matakin farko na A1. Kusan dukkan waɗannan mutane sun yi karatun boko da Faransanci, saboda haka idan suka ci karo da kalmar *zich* a littafi sai su ce ai wannan *se* ce, su wuce. Gaskiyarsu ce har zuwa wani wuri, domin Faransanci tsani ne mai kyau a wannan babi, sai dai matakansa uku ruɓaɓɓu ne, kuma a dukkan ukun Hausar da mutum ya sha a nono ce take riƙe shi kada ya faɗi.

Aikatau mai komowa shi ne wanda aikinsa yake komawa kan wanda ya yi shi. Bahaushe yana nuna haka da kalmar kai, ya ce ya yanke kansa, ta ga kanta a madubi, mun cuci kanmu, kamar yadda maƙwabtanmu Fulani suke yi da *hoore*. Holanci yana amfani da ɗan gajeren wakilin suna ne, kuma ƙamus yakan rubuta irin wannan aikatau da *zich* a gabansa, misali *zich wassen*, wato yin wanka. Abin da ya kamata mai koyo ya fara yi shi ne ya biya jerin nan da ƙarfi, kamar yadda ake biya allo, har ya zauna a bakinsa: *ik was me*, *jij wast je*, *hij wast zich*, *zij wast zich*, *wij wassen ons*, *jullie wassen je*, *zij wassen zich*. Ga wanda ake girmamawa, wato *u*, ana cewa *u wast zich*, ko *u wast u*, kuma duka biyun daidai ne, illa dai an fi jin na biyun a Beljiyam. Idan aka lura za a ga cewa *zich* ta shi ce da ita da su da kuma mai girma, ba ta shiga bayan ni ko kai ko mu, don haka *ik was zich* kuskure ne tsagwaronsa, ko da yake shi ne kuskuren da nake fara ji daga bakin duk wanda ya haddace aikatau daga ƙamus ba tare da ya sarrafa shi ba. Wajen furuci kuwa, *ch* ɗin ƙarshen *zich* daga maƙogwaro yake fita, kusa da harafin kha na Larabci da kowane almajiri ya sani, *j* ta *je* kuma ana faɗinta kamar y ta Hausa.

Irin waɗannan aikatau kashi biyu ne, kuma rarrabe su yana rage wahala ƙwarai. Kashi na farko su ne waɗanda aikinsu kan faɗa kan wani, wani lokaci kuma ya dawo kan mai shi. Uwa tana iya cewa *ik was het kind*, tana yi wa yaro wanka, ko *ik was me*, tana yin nata wankan. Haka *scheren*, aski, da *aankleden*, sa tufafi, da *voorstellen*, gabatarwa. A nan a kula da bambancin *hij wast zich* da *hij wast hem*, domin na biyun wani mutum dabam ake wankewa, daidai da bambancin ya wanke kansa da ya wanke shi.

Kashi na biyu shi ne wanda ya fi cin lokaci. Waɗannan aikatau, a ma'anar da aka ba su a nan, ba sa zuwa babu wakilin sunansu, alhali a ma'anarsu babu wani aiki da yake komawa kan kowa. *Zich vergissen* yin kuskure ne, *zich schamen* jin kunya, *zich haasten* yin gaggawa, *zich herinneren* tunawa, *zich vervelen* gundura, *zich gedragen* nuna hali, *zich verslapen* kuma ita ce makara, kalmar da Hausa take da ita cif-cif, Faransanci kuwa sai ya yi kewaye kafin ya faɗe ta. Wanda ya tsaya neman kaina ko kansa a cikin waɗannan zai ɓata lokacinsa ne kawai. Abin da nake gaya wa masu koyo shi ne su ɗauki *me* da *zich* a nan kamar yadda muke ɗaukar ji a cikin jin kunya: ba Bahaushen da zai ce na kunya ya bar ji a baya, haka nan ba Baholen da zai ce *ik schaam* ya yi shiru. Dole ne *ik schaam me*. Saboda haka a rubuta kowanne a littafin ajiye kalmomi cikin cikakkiyar jimla ta mutum na farko, tare da ɗan harafin da yake binsa, domin da yawansu suna da abokin tafiya da ba ya canzawa: *ik schaam me voor*, *ik erger me aan*, *ik verheug me op*, *ik bemoei me met*, *ik maak me zorgen over*. Wanda ya haddace su a haɗe tun farko ya huta da gyara daga baya.

Akwai kuma siga mai nauyi, *mezelf*, *jezelf*, *zichzelf*, *onszelf*, wadda ita ce ta fi kusa da kaina da kanka da kansa. Ana kawo ta idan ana son jaddadawa, ko idan aikin ba wanda aka saba yi wa kai ba ne, misali *zij ziet zichzelf in de spiegel*, tana ganin kanta a madubi. Aikatau na kashi na biyu ba sa karɓarta ko kaɗan, ba a cewa *hij vergist zichzelf*.

Matakin farko da yake karyewa a tsanin Faransanci shi ne cewa ayyukan yau da kullum masu *se* da yawa ba su da *zich* a Holanci. *Se lever* shi ne *opstaan*, *s'asseoir* shi ne *gaan zitten*, *se réveiller* shi ne *wakker worden*, *se marier* shi ne *trouwen*, *se promener* shi ne *wandelen*, *s'appeler* kuma *heten* ne kawai. Duk wanda ya saba da *je m'appelle* zai ji harshensa yana neman cewa *ik heet me*, amma daidai shi ne *ik heet*, sai suna. A duba Hausa: na tashi, na zauna, na farka, na yi aure, babu kai a ko ɗaya, kuma Holanci yana gefenmu. Haka batun sassan jiki. Faransanci yana cewa *je me lave les mains*, Holanci yana cewa *ik was mijn handen*, wanda yake kalma da kalma ina wanke hannuwana, da *ik poets mijn tanden*, ina goge haƙorana. Mataki na biyu shi ne juna. Faransanci yana amfani da *se* ɗaya tak ga kai da juna, har *ils se regardent* ta zama mai fuska biyu, amma Holanci ya raba su kamar yadda muka raba: sun san juna shi ne *zij kennen elkaar*, mun gaisa da juna shi ne *wij hebben elkaar gegroet*. Duk inda Hausa za ta ce juna, a sa *elkaar*, kada a sa *zich*.

Kafin a kai ga mataki na uku, wanda yake cikin lokuta, sai an san mazaunin wannan ɗan wakilin suna a jimla. Faransanci yana sa shi gaban aikatau, Holanci yana sa shi baya. Ƙa'idar Holanci ita ce aikatau da aka sarrafa shi ne abu na biyu a jimlar labari, komai aka fara da shi. Idan aka fara da mai aikin, sai a ce *ik voel me vandaag goed*, yau ina jin daɗin jikina. Idan aka fara da lokaci, mai aikin yana komawa bayan aikatau, wakilin komowa ya bi shi nan take: *vandaag voel ik me goed*. Tambaya ma haka take, kuma a nan ne ake samun abin da yake ruɗa idon sabon ɗalibi, wato *je* biyu a jere: *voel je je goed?* Ta farko kai ce, ta biyu ita ce ta komowa, kuma ba a yar da ko ɗaya. A lura cewa *t* ta *jij voelt* tana faɗuwa idan *je* ko *jij* ta koma bayan aikatau, amma ba ta faɗuwa da *u*, shi ya sa likita zai tambayi majiyyaci *hoe voelt u zich?* Idan jimla ta fara da *omdat*, saboda, ko *dat*, cewa, ko *als*, idan, aikatau yana tafiya can ƙarshe, wakilin komowa kuma ya tsaya manne da mai aikin: *omdat ik me niet goed voel*. Korewa tana zuwa bayansa, *ik schaam me niet*, kuma kalmar *het* tana shiga gabansa, kamar a *ik herinner het me niet*, ban tuna da shi ba. Aikatau masu rabuwa gida biyu, irin su *zich aankleden* da *zich inschrijven*, suna jefa guntunsu ƙarshen jimla: *ik schrijf me morgen bij de gemeente in*, gobe zan yi rajista a ofishin ƙaramar hukuma. A wajen umarni kuwa ana cewa *haast je*, yi sauri, *kleed je aan*, sa kayanka, *vergis je niet*, kada ka yi kuskure.

Game da lokuta, abin da ya kamata Bahaushe ya fara ganewa shi ne mu a kan wakilin suna muke ɗora lokaci, aikatau ya tsaya kusan yadda yake: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Holanci yana barin wakilin suna yadda yake, ya sauya aikatau. Littattafan nahawunsa suna lissafa lokuta 8, amma guda huɗu sun isa mutum ya yi hira a kasuwa da asibiti da ofis, sauran kuma daga cikinsu ake gina su.

Lokaci mai ci yana farawa da saiwa. A cire *en* daga ƙarshen aikatau, a gyara rubutun yadda sautin wasalin ba zai canza ba: *vergissen* ya ba da *vergis*, *schamen* ya ba da *schaam* da wasali biyu saboda dogo ne. Ni yana ɗaukar saiwa zalla, kai da shi da ita suna ƙara *t*, jam'i kuma ya koma sigar ƙamus. Wannan siga ɗaya tana ɗauke da aikin ina da nakan, har da zan idan an ambaci lokacin, kamar a jimlar rajista ta sama. Ita ce kuma ake amfani da ita ga abin da ya faro a baya yake ci gaba: *ik voel me al drie dagen ziek*, kwana uku ke nan ba ni da lafiya. Idan ana son nuna cewa ana tsakiyar aikin ne, sai a ce *ik ben me aan het aankleden*, ina cikin sa kaya.

Shuɗaɗɗen lokaci na hira, wanda suke kira *perfectum*, shi ne inda mataki na uku yake karyewa. An koya mana a makaranta cewa duk aikatau mai *se* yana tafiya da *être*, *je me suis trompé*, kuma wannan darasi ya shiga jininmu. Holanci yana amfani da *hebben* ne, takwarar *avoir*, ba *zijn* takwarar *être* ba: *ik heb me vergist*, *zij heeft zich gewassen*, *wij hebben ons gehaast*. Na koyi wannan a tsaye gaban tebur, a ofishin wani wakilin lodin motoci a Antwap, ranar da na rubuta lambar jikin mota ba daidai ba a takardar lodi. Na nuna wurin da yatsa na ce *ik ben me vergist*. Matar da ke bayan teburin ta ja layi a kan lambar da jan biro, ta miƙo mini sabuwar takarda, ta ce a hankali *u hebt zich vergist, dat is niet erg*, wato kun yi kuskure, ba komai. Ba ta ce tana yi mini gyara ba, amma na ji *hebt* ɗin nan sarai, kuma tun daga ranar nake sa masu koyo su maimaita *ik heb me* sau da yawa kafin su haɗa ta da kowane aikatau. Hausa ba ta da wannan rabo na mataimaka biyu, na yi kuskure da na sayi mota siga ɗaya ce, kuma wanda ya yi tunani da ita a nan ba zai karkata ba. Akwai 'yan maganganu ƙalilan da suke ɗaukar *zijn*, irin su *ik ben me rot geschrokken*, na firgita ƙwarai, amma waɗannan a haddace su ɗaiɗai ne idan an ci karo da su.

Tsarin jimlar kamar awartakin maƙeri yake, kuma su kansu masana nahawun Holanci da sunan wannan ƙarfe suke kiransa: *heb* a baki ɗaya, sigar kammalawa a ɗaya bakin can ƙarshe, sauran kalmomi a matse a tsakiya, *me* kuma a farkonsu. *Ik heb me vanmorgen in het donker aangekleed*, yau da safe cikin duhu na sa kaya. Sigar kammalawa kuma ana gina ta da *ge* a gaba, saiwa a tsakiya, *t* ko *d* a ƙarshe. Wajen zaɓe tsakanin biyun yaran Holan suna haddace kalmar *'t kofschip*, sunan wani irin tsohon jirgin ruwa. Idan harafin da ya rage bayan an cire *en* yana cikin baƙaƙen wannan kalma, wato t, k, f, s, ch, p, sai a sa *t*, in ba haka ba a sa *d*. *Voelen* ya ba da *gevoeld*, *schamen* ya ba da *geschaamd*, *haasten* kuma *gehaast*, ba tare da an ninka *t* ba. A duba harafin a sigar ƙamus ne, domin *verbazen* yana da *z*, don haka *verbaasd* ne ko da yake ana ganin *s* a rubuce. Aikatau masu farawa da *be*, *ge*, *er*, *her*, *ont* da *ver* ba sa karɓar *ge*, kuma da yawa daga cikin masu *zich* a wannan gida suke: *vergist*, *herinnerd*, *verveeld*. Masu rabuwa suna sa *ge* a tsakiya, *aangekleed*, *voorgesteld*, *ingeschreven*. Wasu kuma ba sa bin ƙa'ida, sai hadda: *gewassen*, *geschoren*, *verslapen*, *gedragen*.

A nan akwai tarkon da su kansu 'yan ƙasa suke faɗawa a rubutu. *Hij herinnert zich* da *hij heeft zich herinnerd* sautinsu ɗaya ne a ƙarshe, domin *d* a ƙarshen kalma ana furta ta kamar *t*. Na farko lokaci mai ci ne, saiwa da *t*, na biyu sigar kammalawa ce mai bin ƙa'idar jirgin ruwa. Kafin a rubuta harafin ƙarshe, a duba ko akwai *heeft* a jimlar.

Shuɗaɗɗen lokaci na biyu, *imperfectum*, kalma ɗaya ce: saiwa da *te* ko *de* bisa wannan ƙa'ida dai, jam'i ya ƙara *n*. *Ik vergiste me*, *ik schaamde me*, *wij voelden ons*. Idan saiwar ta riga ta ƙare da *t* ko *d*, harafin yana ninkuwa, *ik haastte me*, *ik kleedde me aan*. Marasa bin ƙa'ida suna sauya wasali, *ik versliep me*, *hij gedroeg zich*, *ik vroeg me af*, *zij schreef zich in*. Tambayar da kowa yake yi ita ce yaushe ake amfani da wannan, yaushe kuma da na farko, kuma a ganina babu mai koyon da ya kai Bahaushe sa'a a nan. Muna da sun zo, muna da suka zo. Da sun muke sanar da abin da ya faru, da suka muke jero labari. Holanci yana yin kusan haka: yana buɗe labari da *perfectum*, sannan ya ci gaba da jero abubuwan da *imperfectum*. Kamancin bai cika ɗari bisa ɗari ba, domin *imperfectum* yana kuma bayyana halin da ake ciki a da da abin da aka saba yi, kamar *als kind verveelde ik me nooit*, ina yaro ban taɓa gundura ba, amma ya isa ya shiryar da kunne a mafi yawan lokuta.

Sauran ba su da wuya. A mayar da *heb* ta zama *had* a sami abin da ya riga wani faruwa, *ik had me vergist*. Lokaci mai zuwa ana gina shi da *gaan* ga niyya, *ik ga me inschrijven*, ko da *zullen* ga alkawari, *ik zal me haasten*, sannan *zou* tana yin aikin da ta sharaɗi: *ik zou me schamen*, da na ji kunya. Aikatau irin su *moeten* da *kunnen* da *mogen* suna bin wannan awartaki dai, kuma a bakinsu ne za a ji jimlolin da baƙo ya fi buƙata a ofisoshi: *u moet zich bij de balie melden*, sai kun kai kanku wurin teburin karɓar baƙi, *kunt u zich legitimeren?*, za ku iya nuna takardar shaida, da *mag ik me even voorstellen?*, ko zan iya gabatar da kaina.

Aikin da nake ba kowa a ƙarshen wannan babi gajeren labari ne na motar asuba daga Garwa zuwa Ngaundere, kuma ina ba da shi da mu ne da gangan, saboda a rubutun Hausa ba a ganin bambancin na ta sanarwa da na ta labari, amma mun da muka a fili suke. Jiya mun makara, sai muka yi wanka da sauri, muka sa kaya, muka yi gaggawar zuwa tasha, a can muka tuna cewa tikitocinmu ba sa tare da mu. A Holanci: *Gisteren hebben we ons verslapen. We wasten ons snel, we kleedden ons aan en we haastten ons naar het busstation. Daar herinnerden we ons dat we onze kaartjes niet bij ons hadden.* A rubuta shi da hannu a takarda, a ja layi ƙarƙashin kowace *ons* a dubi mazauninta, sannan a sake rubuta shi da ni, da ita, da ku, ana karantawa da ƙarfi kowane karo. Da ita, *bij ons* zai koma *bij zich*, domin wakilin komowa yana zuwa bayan irin waɗannan haruffa ma. Bayan haka a mayar da jimlar farko tambaya, *heb je je verslapen?*, a kuma ɗaura labarin da dalili, inda aikatau biyu za su taru a ƙarshe, *ons* ta tsaya kusa da *we*: *we hebben de bus gemist omdat we ons verslapen hadden*, mota ta tafi ta bar mu saboda mun makara.